Robar da Ke Jikin Rediyon Kawu

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu 'yan ND II na sashen lantarki da yanzu ba mu da wata hira sai ta furojet. Kafin kowa ya kai nasa rahoton a yi masa baƙin bango ya huta, ina da magana a kan abin da dukkanmu muke bari sai daren ƙarshe, wato akwatin da za a zuba kayan a ciki. Na san wani zai ce, duk matsalolin da ke kan ɗalibi, ga kuɗin makaranta ga ruwan hostel, sai akwati? A dai yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙasa.

Ni mutumin Sunke ne, a ƙaramar hukumar Anka. A hutun da ya wuce na je gaida kawuna, wan mahaifiyata, na same shi a bakin zaure da rediyonsa manne a kunne kamar kullum. Rediyon nan ya kusa zama sa'ar wasu 'yan ND I. Murfin batir ya daɗe da ɓacewa, sai ya yanko roba daga tsohon tiyub ɗin babur ya ɗaure wurin tamau. Eriya ta karye tuntuni, ya ƙulla mata wayar jan ƙarfe, idan dare ya yi sai ya maƙala ɗaya bakin a ƙusar da ke jikin ƙyaure. Lambobin tashoshi ƙanana ne kamar ƙwayar gero, shi kuma bai yi boko ba, ido ma ya fara rauni, don haka ya sa jikarsa ta ɗiga masa jan farce a wuri uku: nan BBC, nan Kaduna, nan Jamus. Sannan wani baduku ya ɗinka wa rediyon riga ta fata mai maratayi, ya huda mata 'yan ramuka a saitin sifika.

Ya miƙo mini shi ya ce, "Kai da aka ce kana karatun wuta, mi kak koyo da za shi hana marhin wanga abu hwaɗuwa?"

Na yi dariya na ce, "Kawu, ai mu cikin muke karantawa, ba bayan ba."

Ya ce, "To ai cikin bai taɓa ba ni wahala ba."

Maganar nan ta biyo ni har makaranta. Na ƙirga gyare-gyaren da aka yi wa rediyon, huɗu ne, kuma babu ɗaya da ya shafi sakit. Tiransisto ɗinsa da kafasito ɗinsa suna nan lafiya lau. Abin da ya gaza shi ne duk inda hannun mutum ko idonsa ko ƙurar garinsa ke taɓawa. Wani injiniya a wata ƙasa ya zauna ya yanke cewa murfi ya zama mai zamewa ya fita gaba ɗaya, eriya ta zama siririya, rubutu ya zama ƙarami. Bai yi don mugunta ba, bai dai taɓa zama a zauren kawu ba ne. Shi kuma kawu da baduku da jikarsa suka zauna suka gyara masa aikinsa kyauta.

To mu da muka taso a irin wannan zauren, me muke yi? Kowa ya san yadda furojet ke tafiya, ba sai mun yi wa juna ƙarya ba. A sauko da zanen sakit daga intanet, a aika Kano ko Kaduna a sayo kaya, a kwana biyu ana liƙi, idan fitila ta kawo a yi tafi. Sai ana gobe difens a tuna cewa abin ba shi da gida. Wani ya samo robar abinci, wani ya roƙi kafinta guntun filawud, wani ya sayi farin akwatin nan na masu wayarin. A gasa ƙusa a kan risho a huda ramuka, a bi da gam ɗin kyandir a toshe ko'ina. Ran difens malamai su tambaye ka aikin rizisto na uku, ka amsa, ka ci. Ni dai ban taɓa jin an tambayi ɗalibi wa zai riƙe wannan abu ba, a ina za a ajiye shi, idan ya faɗi daga kan tabarmar da aka naɗe me zai fara karyewa, idan batir ya mutu wa zai buɗe, da me zai buɗe. Waɗannan tambayoyin kuwa su ne ake ce wa dizayin ɗin kayan masana'anta, fanni ne mai zaman kansa, har sashe guda gare shi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Mu mun ɗauka fenti ne.

Akwai wani abokina a ɗakinmu da wayarsa ke cike da hotunan irin kayan da masu zane ke ƙirƙira su sa a intanet tun ba a ƙera su ba. Sifika kamar ƙwai, fara fat, ba maɓalli ko ɗaya sai shafawa. Fanka ba fukafukai. Fitila kamar wata. Wallahi suna da kyau, ni ma nakan karɓi wayar in yi ta kallo. Shi ya fara nuna mini ɗan rediyon aljihu T3 da Bajamushen nan Dieter Rams ya tsara wa kamfanin Braun a 1958, da iPod ɗin Apple na 2001, ka ga kamar uba da ɗansa. Amma abin da na ɗauka daga Rams ba farin launi ba ne. Mutumin ya kalli ɗakin Bajamushe na zamaninsa, mai tagar gilashi da wutar da ba ta ɗaukewa, ya yi wa wannan ɗakin kaya. In mun kwaikwayi siffar kayansa mun bar hanyar da ya bi, mun ɗauko ɓawo mun bar ƙwaya. Kawo farar sifikar nan mai shafawa gidanmu cikin watan Janairu, ka ba inna ta taɓa da hannun da ta gama tuƙa tuwo, ka dawo bayan sati ka gani.

Bari in faɗi abin da ɗakinmu ke yi wa kayan wuta, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƙura ce ta farko. Da hunturu babu inda ba ta shiga. Wannan ƙarar ta ƙyar-ƙyar da kake ji idan ka murɗa boliyom, ƙura ce ta kwanta a kan hanyar kabon ɗin da ke cikin abin murɗawar. Maganaɗisun sifika kuma yana janyo ɗan garin ƙarfen da ke cikin ƙasa, ya taru a inda koyil ke motsi, murya ta fara shaƙewa. Fanka kuwa bushin ɗinta ke bushewa, ka ga tana gurnani sai an tura ta da tsinke kafin ta tashi. Akwai ma'auni na duniya a kan wannan, lambobin IP, inda IP5X ke nufin ƙurar da za ta shiga ba za ta kai ta hana abin aiki ba. Mun haddace shi don jarrabawa. Rigar fatar da baduku ya ɗinka wa kawu ta fi akwatunan furojet ɗinmu kusa da cika wannan sharaɗin.

Sai soket. A bangon gidajen da ke da wuta, mai rami uku ne irin na Ingila, da ɗan ƙyauren da ke rufe ramukan ƙasa sai dogon ƙarfen sama ya shiga ya buɗe. Kayan da ke cika kasuwanninmu kuma da yawansu baki biyu ne. Sakamakon kowa ya sani: a soka murfin biro ko tsinken ashana a ramin sama, a cusa. Yaro ɗan shekara huɗu yana kallo, gobe shi kuma ya gwada da cokali. Ƙyauren da aka sa don kare yara, rashin dacewar fulogi ya sa mu da kanmu muke koya musu yadda ake buɗe shi.

Na uku shi ne dare, kuma wannan sai wanda ya fito daga yankinmu zai gane shi sosai. Kun san ƙananan sifikun nan da ake ce wa MP, masu cin memori da bulutut. Da ka kunna, sai wata mata ta yi shela da Turanci, da iyakar ƙarfin sifikar, cewa ta shirya. Ba ruwanta da inda ka bar boliyom jiya. Ga fitilu ja da shuɗi suna walƙiya kamar gidan biki. Tocilar caji ma haka, kafin ka kashe ta dole ka bi ta haske mai ƙarfi, ka bi ta mai ƙyaftawa, sannan ta mutu. A birni wannan abin dariya ne ko ɗan haushi. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum da Gummi, inda akwai dararen da mutane ke kwana a daji ko su yi lamo a ɗaki suna sauraron ƙarar babura, tocilar da ba ta mutuwa da dannawa ɗaya tana iya tona asirin gida guda. Na san matan da suka liƙe fuskar MP ɗinsu da baƙin salatif saboda haka. A cikin sakit, gyaran ba komai ba ne: makunni daban na kashewa, haske ya fara daga mafi ƙanƙanta, a cire muryar. Ba a yi ba ne kawai domin wanda ya zana bai san akwai irin wannan daren ba.

Kuma kada wani ya ce mini rediyo ya zama tsohon yayi. A watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara, makonni muka yi ba kira ba WhatsApp. Manyan wayoyi suka koma tocila da agogo. Wanda ke da rediyo shi ne mai labari, ana taruwa a ƙofar gidansa da asuba da bayan magariba. A lokacin ne na lura da wani ɗan bambanci: wayar da rediyonta ba ya kamawa sai an soka iyafis, saboda wayar iyafis ɗin ce eriyarta, da wadda aka sa wa eriya a ciki take magana a fili kowa ya ji. Ta biyun ta tara mutum goma, ta farkon mutum ɗaya, shi ma in iyafis ɗin bai tsinke ba. BBC ta fara Hausa tun 1957, kuma har yau a garinmu ba a samu abin da ya ture akwatin ba.

Yanzu in zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Duk wanda ya taɓa jin sunan Sunke a rediyo, akasari a kan gubar dalma ya ji shi. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka gano cewa yara na mutuwa fiye da ƙima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dareta, Abare, 'Yargalma, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, Sunke, da Bagega wadda ba a samu share ta ba sai 2013. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka sha magani. Dutsen da ake haƙowa don zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida a daka a turmi, a niƙa da irin injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Ina ɗan shekara 7 a lokacin. Abin da na fi riƙewa shi ne ranar da aka zo aka kankare ƙasar tsakar gidanmu aka kwashe, aka zubo wata sabuwa daga wani wuri. Na tambayi inna me ƙasar ta yi, ta ce in yi shiru. Akwai sa'o'ina da aka haifa shekara ɗaya da ni da har yau karatu ba ya zama a kansu, kuma kowa a garin ya san dalili.

Shekara goma sha biyar bayan haka, na shiga wannan tsakar gidan da aka canja wa ƙasa, na tarar da 'ya'yan yayata biyu sun fasa matacciyar fitilar caji da dutse. Sun ciro ɗan baƙin batir ɗin nan mai kusurwa huɗu, sun fasa shi shi ma, suna wasan 'yar kasuwa da farantan da ke ciki. Duk ɗan ajinmu ya san mene ne waɗannan farantan. Dalma ce, a jiƙe da ruwan asid. Batir ɗin mota ne aka ƙanƙanta. Na ƙwace, na wanke musu hannu da sabulu har suka yi kuka, na haƙa rami na binne da ƙasar wurin gaba ɗaya, ina yi hannuna na rawa.

Ba ina cewa fitilar caji ce ta kashe yaran 2010 ba, dutsen zinariya ne, kowa ya sani. Amma ƙarfen ɗaya ne, kuma jikin yaro ba ya tambayar daga ina ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke bakin Dakar a Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, su ba zinariya suke haƙa ba, tsofaffin batura ake fasawa a unguwar ana tsintar dalma ana sayarwa.

To me ya kai wannan batir hannun yaro? A bi shi daki-daki za a ga duk shawara ce da wani mai zane ya yanke. An zaɓi batir na dalma saboda ya fi araha. An yi masa caja mafi arha da za a iya yi, kafasito ɗaya da 'yan dayod da rizisto, babu abin da zai yanke wuta idan ya cika, babu abin da zai kashe fitilar idan ya kusa ƙarewa. Shi kuwa irin wannan batir abu biyu ya fi tsana, a bar shi a wuta bayan ya cika, da a zuƙe shi ƙarƙaf, kuma duka biyun muke yi masa kullum: wuta ta zo a jona a manta, ta ɗauke a yi ta haskawa har sai ya yi ja ya mutu. Ga zafi. Ƙa'idar da ke cikin littattafanmu ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba rayuwar batir ɗin dalma biyu. Ɗakin kwano a Anka cikin watan Afrilu ya haura 40. Ka yi lissafin da kanka. Cikin 'yan watanni fitila ta daina riƙe caji. Sannan an liƙe batir ɗin da waya a jikin allo, wani lokaci a manne robar da gam, mai gyara ya ce kuɗin aikinsa da na sabon batir sun kusa kuɗin sabuwa. Sai a jefar bayan ɗaki. Ƙwayayen fitilar lafiyarsu ƙalau, za su iya shekaru suna haske. Abu ɗaya ya mutu, ya ja sauran zuwa bola, kuma shi ne mai guba.

Mu kanmu ba mu tsira ba. Wayar liƙin da muke amfani da ita a wokshof, mai 60/40 ɗin nan, kashi 40 cikin ɗari dalma ce. Turai ta taƙaita amfani da ita a sabbin kayan lantarki tun watan Yuli na 2006. Mu nan har a baki muke riƙe ta idan hannu biyu sun kama aiki, na gani, ni ma na yi. Mu tashi daga nan mu sa hannu a ledar awara ba wanki.

Ga inda abin yake da wuya, kuma nan ne nake ganin dizayin ya zama ilimi ba ado ba. Ina son fitilar ta buɗu cikin sauƙi domin mai gyara ya canja batir. Ina kuma son kada ta buɗu ko kaɗan a hannun yaro. Murfin rediyon kawu ya faɗi ta ɓangare ɗaya, yana buɗuwa har ya ɓace. Fitilar da aka manne da gam ta faɗi ta ɗaya ɓangaren, ba ta buɗuwa sai da dutse. Amsar da na iya samu ƙarama ce har ina jin kunyar faɗa: murfi mai hinji wanda ba ya rabuwa da jiki, da noti ɗaya mai tsaga da bakin wuƙa ko sukundireba kowace iri za ta kwance, kuma notin ya zama mai maƙalewa a murfin ko an kwance shi. Batir kuma ya zama irin wanda ake samu a teburin kowane mai caji. Wanda ya fara sa wa ƙananan rediyoyin memori batir ɗin Nokia BL-5C ya yi tunani, domin babu kasuwar ƙauyen da za ka rasa shi. Haka 18650, da ɗan allon caji TP4056 da duk mun sani, a zaɓi mai kariya. Lithiyom ma ba waliyyi ba ne, idan aka huda shi ko ya yi zafi fiye da kima yana kamawa da wuta, don haka gurbinsa yana son iska da inuwa, kuma shi ma ba abin jefarwa bayan ɗaki ba ne. Amma batir ɗin da aka canja a hannun mai gyara yana tsayawa a hannun babba.

Na san amsar da za a ba ni, domin an riga an ba ni ita a ɗakinmu. Cewa talaka araha yake bi, kuma ɗan difloma da ko injin zuba roba bai taɓa gani ba ba zai yi gasa da masana'antun Sin ba. Rabin maganar gaskiya ne. Ba za mu ƙera ƙwan fitila ko cif ba, kuma mazubin roba ɗaya ya fi ƙarfin aljihun ajinmu gaba ɗaya. Amma batun araha, mutumin da ya sayi fitila uku a shekara ya san ba araha ya saya ba, ba shi da zaɓi ne. Ku dubi amfilifayar Ahuja ta Indiya da ke masallatanmu. Ba ta da kyan gani, akwatin ƙarfe ne da manyan maɓallai, amma tana cin wutar gari tana cin batir, ana kwance ta da sukundireba, kuma kwamitin masallaci na haɗa kuɗi ya saye ta ya bar masu ƙyalƙyali. Ku dubi Tecno da itel. Kamfanin Transsion da ke yin su bai zo da fasahar da ta fi ta Nokia ko Samsung ba. Ya lura ne cewa muna yawo da layi biyu saboda sabis, cewa caji wahala ne, cewa kyamarori ba sa fitar da baƙar fuska da kyau, ya yi waya a kan haka, har ya zama na gaba a kasuwar Afirka. Mutanen Shenzhen sun zo sun kalle mu sun ci riba. Mu da muke cikin gidan ba mu kalli kanmu ba.

In kuma ana son misali na gida, malamin kwalejin kimiyya da fasaha ne kamar namu malaman. Mohammed Bah Abba, da ya koyar a ta Jihar Jigawa a Dutse, ya sa tukunyar ƙasa cikin wata tukunyar, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwa na tsatsowa yana bushewa, ciki na yin sanyi, gauta da tumatir su yi kwanaki ba su lalace ba. Ba waya ko ɗaya. Ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Da a ce ɗan ajinmu ne ya kawo wannan a matsayin furojet, ina jin da an ce ya koma ya sa masa sensa.

Kuma ba mu rasa masu hannu ba. Masu ƙera akwati da murhu daga tsohon kwano, kafintocin da ke haɗa manyan akwatunan sifika na majalisi da biki, dukawa, masu walda, masu gyaran rediyo da ke zaune ƙarƙashin rumfa ranar kasuwa. Wannan na ƙarshen ya fi kowane littafi sanin abin da ke fara mutuwa a kowace irin fitila, domin gawarwakinsu na tare a buhu a bayansa.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ga malamanmu, a ware wani kaso na makin furojet ga akwati da yadda ake amfani da abin, a kuma sa babi ɗaya a rahoto da ɗalibi zai faɗi gidan da ya kai kayansa, wa ya gwada, me ya ce. A gayyato mai gyara ɗaya daga kasuwa ya zauna a difens, a ba shi sukundireba da minti biyar. A bar mai son yin SIWES a rumfar gyara ya yi, a daina kallonsa kamar wanda ya rasa wuri. Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai, maimakon wata rigar da za a buga, a ajiye durom mai murfi da kwaɗo a bakin kowane hostel don matattun batura, a nemi hukumar muhalli ta jiha ta nuna inda ya dace a kai su, ba a miƙa wa duk mai jari-bolan da ya zo ya je ya fasa a unguwa ba. A wokshof kuma a sa bokiti da sabulu a bakin ƙofa. Wannan ko gobe za a iya.

Nawa furojet ɗin fitila ce haɗe da rediyo, tana caji da ƙaramin sola. Ba zan ɓoye ba, na farkon da na yi ya ba ni kunya. Na kai wa mai ƙera akwati ya lanƙwasa mini kwano, ya fito tsaf, ina ta alfahari, na rufe na kunna, shiru. Na manta eriyar ferait ɗin a ciki take, kwanon ya tare mata komai. Abin da muka yi a ND I ne, na ci jarrabawarsa, sai da na yi asarar kuɗin kwano sannan na san shi. Na koma katako. Abin murɗa tasha na yi shi babba, da farin zobe a kewaye da mutum zai iya yi wa alama da abin da ya ga dama. Makunnin fitila daban, dannawa ɗaya ta mutu, kuma daga ƙaramin haske take farawa.

Na kai shi gida kwana uku. Inna ta ce maratayin ya yi ƙanƙanta, ba ya shiga ƙusar da take rataye fitila a madafa, kuma gindin ba shi da faɗi, akuya za ta ture. Kawu ya juya shi ya juya, ya kwance notin da bakin 'yar wuƙarsa, ya ga murfin bai faɗi ba, ya mayar ya ɗaure. Sai ya tambaye ni nawa. Da na faɗa masa abin da na kashe, wanda ya kusa ninka kuɗin ta kasuwa sau uku, ya ajiye shi a hankali a kan tabarma ya ɗauki nasa mai roba. Saura mako biyar difens, kuma har yanzu a kan kuɗin nake. Na cire ɗan allon nuna lambobi, na rage girman sola ɗin, ina kuma neman wanda zai haɗa oda da ni mu sayi batura da yawa a sauƙaƙa mana. Duk mai matacciyar fitilar caji a hostel kada ya jefar, ya kawo mini wokshof bayan la'asar, ƙwayayen nake so, batir ɗin kuma ina da bokiti mai murfi da nake tara su.